Lambu a jikin bango: tambayoyi da amsoshi ga mazauna unguwannin Abuja

Wanda ya san Maitama da Asokoro kaɗai zai ce Abuja gari ne mai inuwa. Wanda yake kwana a Nyanya, Karu, Mpape, Gwagwa ko Lugbe ya san wani labarin dabam: gidaje manne da juna, tsakar gida an shafe ta da siminti, babu ko taku biyar da za a dasa darbejiya. Saboda irin waɗannan unguwanni ne ake ta maganar lambun bango.

Mene ne lambun bango?

Shuka ce da ake sa ta hau sama a jikin bango, katanga ko ginshiƙi, tunda ƙasa ta yi kaɗan. Iri biyu ne. Akwai wanda saiwar shukar tana ƙasa ko cikin tukunya, ita kuma tana yaɗo a kan waya ko raga har ta rufe bangon. Akwai kuma wanda ake jingina wa bango wani tsari na aljihuna, bututu ko tukwane, kowace shuka da mazauninta, ana ba su ruwa daga sama yana gangarowa.

Na biyun ne ya yi suna a duniya. Wani Bafaranshe masanin tsirrai, Patrick Blanc, shi ya lulluɓe bangon gidan tarihi na Quai Branly da ke Faris da tsirrai, wanda aka buɗe a 2006. A birnin Milan na Italiya kuma an kammala wasu dogayen benaye biyu a 2014, ana kiransu Bosco Verticale, da ɗaruruwan bishiyoyi a barandunsu.

To wannan ai aikin masu kuɗi ne. Ina ruwan mai ɗaki biyu a Karmo?

Irin na Faris da Milan aikin masu kuɗi ne, babu musu. Yana buƙatar injin tura ruwa da ba ya tsayawa, da taki na ruwa, da ma'aikata masu hawa sama su yi aski. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, irin wannan bango zai iya ƙonewa cikin 'yan kwanaki a watan Maris. A ganina babban kuskure ne mu ɗauki hoton waɗannan gine-gine a matsayin abin koyi.

Abin koyinmu yana kusa. A unguwar Kibera ta Nairobi, inda cunkoso ya fi namu, mata sun daɗe suna noman ganye a buhu. Ana tsayar da buhun, a jera tsakuwa a tsakiyarsa tun daga ƙasa har sama domin ruwa ya ratsa ko'ina, a cika gefe da ƙasa mai taki, sannan a huda jikin buhun a dasa ganye a kowace ƙofa. Wurin da tulu ɗaya zai zauna ya ishe shi. Mu ma ba baƙin abin ba ne. A ƙauyukanmu soso da kabewa da garahuni suna hawa danga da zana tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a kawo dabarar cikin gidan bulo.

Da gaske yana rage zafi?

Yana ragewa, kuma nan ne amfaninsa mafi girma. Ka taɓa bangon bulo da ke fuskantar yamma da misalin ƙarfe takwas na dare a watan Afrilu: za ka ji shi da ɗumi kamar tanda da aka gama gashi. Tun daga azahar har faɗuwar rana yake shan zafi, da dare kuma ya sako shi cikin ɗaki, shi ya sa fanka take kaɗo iska mai zafi. Idan ganye ya tsaya tsakanin rana da bangon, zafin ba ya isa gare shi tun farko. Ga kuma ruwan da ganye yake fitarwa ta 'yan ƙofofin jikinsa, wanda idan ya bi iska yakan tafi da wani ɓangare na zafin.

Saboda haka duk wanda zai fara, ya fara da bangon yamma, musamman na ɗakin kwana. Amma kada a yi tsammanin bango ɗaya zai sanyaya unguwa. Kuma idan zafin daga rufin kwano marar silin yake saukowa, maganinsa yana sama, ba a bango ba.

Ƙura da hayaƙin motoci fa?

Ganye yana kama ƙura, duk mai shuka yana ganin haka da hunturu. Sai dai gyaran iskar gari ya fi ƙarfinsa. A birnin Meziko an lulluɓe ginshiƙan wata babbar hanya da tsirrai tun wajajen 2016, masu suka kuma suka ce ado ne kawai muddin yawan motocin bai ragu ba. Ganyen da za a ci kuwa, a nesanta shi da bakin titi irin na Nyanya zuwa Mararaba.

Ina za a samu ruwan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a kanta lambun yake rayuwa ko ya mutu. Damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, a lokacin kusan ba ka da aiki. Daga Nuwamba zuwa Maris ne za a gane mai lambu. Ƙasar da ke cikin gora ko bututu kaɗan ce, iskar hunturu tana busar da ita cikin yini guda, kuma na sama sun fi na ƙasa saurin bushewa. Gidan da ruwan Dam ɗin Usuma bai kai gare shi ba, wanda yake sayen jarka a hannun 'yan garuwa, dole ya yi lissafi.

Lissafin kuwa yana iya fita, domin ruwa mai yawa muke zubarwa a kwata. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye duk shuka tana so. A ajiye bokiti a gindin inda ake alwala, da yamma a juye. Ruwan omo da na bilic ne ba a so. A jera tukwanen yadda abin da ya ɗiga daga ta sama zai faɗa cikin ta ƙasa, a rufe bakin ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Shuka mai yaɗo da saiwarta ke cikin ƙasa sosai ta fi kowace jure rani, shi ya sa nake fifita ta ga wanda ruwa yake yi wa wuya.

Me ya kamata a shuka?

Don inuwa: soso, ugu, wake mai yaɗo, kokwamba. Don tukunyar miya: alayyafo, lalo, latas, albasa mai lawashi, na'a-na'a, ɗoɗɗoya. Tumatir da attaruhu suna son mazauni mai zurfi, a ba su buhu ko bokiti a ƙasa. Kabeji da sitiroberi da ake kawowa daga Jos sanyin tsaunin Filato ne yake yi musu, a zafin Abuja wahalarsu ta fi ribarsu.

Ba zai ɓata bangon ba? Sauro da macizai fa?

Zai ɓata idan aka manna jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikin filasta: danshi zai ratsa, fenti ya ɓare, gansakuka ta fito. A sa mai walda ko kafinta ya yi firam mai tsayawa da ƙafafunsa, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bangon domin iska ta wuce. A kula da nauyi kuma. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kai kilo 30, to ka ƙiyasta goma a rataye a katangar da aka yi da bulo marar ƙwari, yara suna wasa a gindinta.

Sauro ruwa kwantacce yake nema, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwansa ya zama sauro. A huda gindin kowace tukunya, kada a bar ruwa ya taru a faranti. Maciji kuma duhuwa da ɓeraye suke jawo shi, don haka a riƙa rage ganyen ƙasa, a share gindin.

Ɗan haya zai iya?

Zai iya, da firam da buhunan da zai kwashe ranar tashi. Ya nemi izinin mai gida kafin ya buga ƙusa, ya kuma yi magana da maƙwabtan da suke tsakar gida ɗaya, don kada ruwan da ke ɗiga ya zama sanadin faɗa.

Zai iya maye gurbin bishiya?

A'a, kuma ina jin tsoron ranar da mai gini zai sare bishiyoyi ya rataya tukwane a katanga ya ce ya biya. Tsarin Abuja na 1979 ya ware filaye masu yawa don lambuna da wuraren shan iska, kuma mazauna garin sun ga yadda gine-gine suka ci wasu daga cikinsu. Bishiya tana ba titi inuwa, saiwarta tana shan ruwan sama ta rage ambaliya, tana yin shekaru ba wanda ya ba ta ruwa. Inda akwai filin dasa ta, a dasa ta. Lambun bango na lungun da fili ya riga ya ƙare ne, da bangon makarantar Islamiyya, da katangar masallacin unguwa inda ruwan alwala yake kwarara sau biyar a yini.