Ciwon fata na soriyasis: mi maganin gargajiya ke iyawa, mi ba ya iyawa?

Da hunturu ya kama nan Kebbi, daga Birnin Kebbi har Argungu da Yauri, sai masu wannan ciwon su shiga damuwa don lokacin ne ya fi tashi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wai shi soriyasis ɗin nan ba makero ba ne ko kyasbi?

A'a. Makero da kyasbi ƙwayar cuta ce ke kawo su, shi ko wannan garkuwar jikin mutum ce da kanta ke rikicewa ta sa fata yin sabuwa da gaggawa, abin da ya kamata ya ɗauki kusan wata guda sai ya faru cikin 'yan kwanaki, fatar ta taru ta yi kauri tana ɓarewa fari-fari ga ƙaiƙayi. Ya fi son gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai, ƙugu, wani lokaci har farce. A baƙar fata irin tamu ba ya yin ja irin na hotunan intanet, duhu yake yi ko toka-toka, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa wani ciwo daban.

Ana ɗaukarsa daga mai shi?

Sam, wallahi ba a ɗauka. Ku ci kwano ɗaya, ku yi musabaha, ku tsaya sahu ɗaya, babu komai. Yana dai bin jini a wasu gidajen. Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, kuma abin na ci min rai in ga an ware wa mutum kofi ko an fasa aure saboda shi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin manyan cututtukan da ba sa yaɗuwa.

To akwai itacen da ke raba mutum da shi gaba ɗaya?

Har yau babu, ko a asibiti ma lafar da shi ake yi. Ciwo ne mai tafiya ya dawo, sai mutum ya sha saƙe-saƙi daidai lokacin da zai lafa da kansa ya ce ai maganin ne, hunturu na zagayowa ga shi nan. Duk mai tallan da ya rantse maka zai cire shi har abada ka riƙe kuɗinka. Amma ba raina itatuwa nake ba, ai maganin da likitoci ke haɗawa da hasken fitila na musamman asalinsa daga wani tsiro aka ciro shi a Masar, sai dai an auna shi an san adadinsa.

Wanne ne zai taimaka cikin na gida?

Man kaɗe shi ne na farko, ga shi Allah Ya hore mana shi wajen Zuru da Yauri. A samu tsantsa wanda ba a sa wa turare ba, a shafa da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba, safe da dare, yana tausasa ɓawon ya rage tsagewa da ƙaiƙayi. Man kwakwa ko man zaitun na da kyau ga fatar kai, a shafa da dare a wanke da safe ba tare da kankarewa ba. Alobera ma an gwada ta a ƙananan bincike, wasu sun samu sauƙi wasu ba su samu ba, a fara gwadawa a ɗan wuri tukuna. Kurkum da habbatus sauda da ganyen dogon yaro ana yawan ambatarsu amma hujjarsu ba ta yi ƙarfi ba, man dogon yaro kuwa kar a kuskura a sha ko a ba yaro, guba ne a ciki.

Mi ya kamata a guda?

Nan ne aka fi cutuwa. Tsaga, ƙaho, sakiya, goga dutse ko soso mai kaushi, duk a bari, don wannan ciwon duk inda fata ta ji rauni nan yake iya fitowa sabo. Lemun tsami, kanwa, ɗanyar tafarnuwa ƙona fata suke yi. Sai man haɗi na kasuwa da ba a rubuta abin da ke ciki ba, da yawa akwai sitiroyid (wani maganin asibiti mai danne kumburi) mai ƙarfi a ciki, zai share wurin da farko ka yi ta murna, daga baya fata ta yi siriri, ranar da ka daina ya dawo fiye da da. Taba da giya da yawan damuwa na tayar da shi, haka ma kulorokwin.

Yaushe za a je asibiti?

Tun farko, don a tabbatar shi ne ba makero ba. Amma in ya mamaye jiki, ko yana ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi, ko gaɓoɓi sun fara kumburi da sagewa da safe, to kar a kwana ana jiƙo, don yana shiga gaɓoɓi ya lalata su. A je asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Danfodiyo a Sakkwato a nemi likitan fata, kuma a faɗa masa duk jiƙon da ake sha, musamman in zai rubuta maganin da ake kira methotrexate, don shi ma kamar wasu jiƙon hanta yake taɓawa kuma mai ciki ba ta shansa.