Dokar Minnesota mai raba harajin kasuwanci tsakanin ƙananan hukumomi

A Amurka, ƙananan hukumomin da ke kewayen manyan birane sun fi dogaro da harajin gine-gine da filaye wajen biyan 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da gyaran tituna. Shi ya sa za ka ga garuruwa biyu maƙwabta, titi ɗaya ya raba su, wannan yana kashe kuɗi cikin wadata, wancan da ƙyar yake toshe ramukan hanya. Garin da ya dace da katafaren kanti ko masana'anta yana tara kuɗi mai yawa ko da ya sassauta haraji. Garin da ba shi da komai sai gidajen kwana kuwa dole ya tsawwala wa mazaunansa, alhali su ne ke aiki da sayayya a kantin nan na maƙwabta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ne majalisar jihar Minnesota ta so gyarawa da dokar da ta kafa a 1971, wadda ɗan majalisa Charles Weaver ya jagoranta. Dokar ta shafi gundumomi 7 na yankin biranen Minneapolis da Saint Paul. Garin Burnsville ya kai ƙara, kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a 1974, aka fara aiki da ita a 1975.

Ana duba yawan ƙaruwar darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu na kowane gari tun daga 1971, a ɗebi kashi 40 cikin 100 a zuba cikin rumbu ɗaya na yankin. Sauran kashi 60 na garin ne, gidajen zama kuma ba a taɓa su. Wajen rabo ana la'akari da yawan jama'a da kuma darajar kadarorin gari idan aka kasa ta kan kowane mutum. Wanda nasa bai kai matsakaicin yankin ba, rabonsa ya fi tsoka.

Bloomington, inda babban kantin Mall of America yake, yana cikin masu zuba fiye da abin da suke karɓa, kuma irin waɗannan garuruwa ba sa rasa ƙorafi. A ganina sun manta cewa masu sayayyar ba duka 'yan garinsu ba ne.

Sai dai dokar ba ta ce kowa ya kashe kuɗi daidai da kowa ba. Majalisar kowane gari ce ke tsara kasafinta, don haka garin da tsofaffin bututun ruwa suka dame shi, ko wanda mazaunansa ke son wuraren shaƙatawa da yawa, har yanzu zai fi maƙwabcinsa kashe kuɗi.