Bini da zugu a matsayin makamashi

Bini da zugu, wanda masana tsirrai ke kira Jatropha curcas, ƙaramin itace ne da ya samo asali daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, 'yan Fotugal kuma suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya. A ƙasar Hausa an daɗe ana shinge da shi, domin awaki da shanu ba sa taɓa ganyensa, kuma reshe kawai za a sara a kafa da damina ya kama. Ƙwayarsa baƙa tana da guba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta mai ne, wanda idan an tatse an sarrafa yakan maye gurbin man dizal.

Wannan man ne ya sa duniya ta yi masa ca bayan shekarar 2000. An yi ta cewa ga itacen da zai fito a faƙo, ba ya neman ruwa, ba ya kuma ƙwace gonar abinci. A 2003 Indiya ta tsara dasa shi a miliyoyin hekta. A 2007 kamfanin mai na BP ya haɗa jari da kamfanin D1 Oils don nomansa, a Disambar 2008 kuma jirgin Air New Zealand ya tashi da inji ɗaya mai shan rabin man bini da zugu, rabin man jirgi.

Lissafin bai ɗore ba. Gaskiya ne itacen yana rayuwa a ƙasa maras albarka, sai dai ba ya 'ya'yan kirki a can. Yana buƙatar ruwa da taki kamar kowace shuka. 'Ya'yan ma ba sa nuna lokaci guda, dole a bi su da hannu ana tsinka, abin da ke cin kuɗin ƙwadago. BP ya janye a 2009. A Tanzaniya kamfanin Sun Biofuels mai noman itacen ya durƙushe a 2011, bayan ƙauyukan gundumar Kisarawe sun riga sun rabu da filayensu domin gonar kamfanin, kuma wannan ce asarar da ta fi ciwo, tunda manoma ne suka ɗauke ta.

Inda ya fi yin amfani shi ne ƙananan ayyukan karkara. A garin Garalo na ƙasar Mali an kafa janareton da aka tsara zai riƙa aiki da man da manoman yankin ke samarwa. Ana yin sabulu da man, tunkuzar kuwa, da yake dabba ba ta ci, a mayar da ita gona ta zama taki.