James Soong

James Soong Chu-yu ɗan siyasar Taiwan ne da ya nemi kujerar shugaban ƙasa har sau huɗu, bai taɓa ci ba, amma takararsa ta farko ita ta sauya siyasar tsibirin baki ɗaya. An haife shi a 1942 a lardin Hunan na China, babansa janar ne na soja, suka ƙaura Taiwan a 1949 lokacin da 'yan kwaminis suka fatattaki jam'iyyar Kuomintang, wato KMT. Ya yi karatu a Amurka har digirin dakta a jami'ar Georgetown, da ya dawo sai ya zama sakataren Chiang Ching-kuo, firaministan Taiwan a lokacin wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, mai yi masa tafinta. Daga 1979 zuwa 1984 shi ke riƙe da ofishin yaɗa labarai na gwamnati, zamanin dokar soja, kuma 'yan adawa ba su manta yadda aka matsa wa jaridu lamba a hannunsa ba.

Inda ya yi suna sosai shi ne gwamnan lardin Taiwan. An naɗa shi a 1993, ya ci zaɓe a 1994, kuma shi kaɗai ne aka taɓa zaɓa kan wannan kujera. Mutum ne mai shiga lungu da saƙo, gunduma bayan gunduma yana duba hanya da ruwan sha da idonsa, shi ya sa talakawa suka riƙe shi. Sai shugaba Lee Teng-hui ya rage wa lardin ƙarfi a 1998, a kan wannan batu suka ɓata.

A zaɓen 2000 KMT ta tsayar da Lien Chan, shi kuwa Soong, wanda shi ma ɗan KMT ne, ya fito ɗan takara mai zaman kansa, yana kan gaba ma kafin a bankaɗo zargin kuɗin jam'iyya a asusun iyalansa. Ya samu kusan kashi 37 cikin ɗari, Chen Shui-bian na jam'iyyar adawa ta DPP ya samu 39, Lien 23. Ƙuri'un gida ɗaya suka rabu biyu, mulkin KMT na sama da shekara 50 ya zo ƙarshe. Gaskiya da sun haɗa kai da wuya Chen ya kai labari.

Bayan nan ya kafa jam'iyyar People First. A 2004 ya tsaya takara a matsayin mataimakin Lien, suka sha kaye a hannun Chen da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 30,000 ba, kwana ɗaya bayan an harbi Chen an ji masa rauni a birnin Tainan. Ya sake gwadawa a 2012 da 2016 da 2020, mafi kyau ita ce ta 2016 da ya samu kusan kashi 13. A shekarar 2016 ɗin Tsai Ing-wen, wadda ta kayar da shi ta zama shugabar ƙasa, ta tura shi ya wakilci Taiwan a taron APEC, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta yankin Asiya da Pasifik, a Lima, babban birnin Peru.