Tukuicin Ma'aikatan Farautar Safari a Afirka

Tukuicin safari shi ne kuɗin da baƙon mafarauci yake ba jagoransa da ma'aikatan sansani a ƙarshen farauta, ban da kuɗin da ya riga ya biya kamfanin da ya shirya masa tafiyar. Babu dokar da ta wajabta shi, kuma ba a cika rubuta shi cikin yarjejeniya ba. Duk da haka ya zama al'adar da ta kafu a ƙasashen da ake wannan sana'a, irin su Afirka ta Kudu, Namibiya, Zimbabuwe, Zambiya, Mozambik, Tanzaniya da Kamaru. Kenya, inda sana'ar ta fara yin suna, ta haramta farautar manyan namun daji tun 1977. Botswana ta dakatar da ita a 2014, sannan ta ɗage dakatarwar a 2019.

Yadda lissafin farautar yake

Ba a fahimtar tukuicin sai an san abin da baƙo yake biya. Akwai kuɗin kwana, wanda ya ƙunshi masauki, abinci, mota da ladan jagora. Akwai kuma kuɗin kowace dabba da aka harba, wanda ake biya ko da dabbar ta ji rauni ta ɓace a daji. A kan jimillar waɗannan biyun ake auna tukuici. Ba a sa kuɗin jirgi, ko na gyaran fata da ƙaho, ko na aika su gida.

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wannan jimilla, a raba tsakanin jagora da sauran ma'aikata. Wannan ma'auni yana tafiya daidai a farautar ƙananan dabbobi, amma yana karkacewa idan kuɗin dabbar ya yi yawa. Wanda ya harbi dabba mai tsada a yini biyu bai gajiyar da ma'aikata kamar wanda ya yi kwana goma yana bin sawun ɓauna ba. Shi ya sa da yawa suka fi son lissafin kwana-kwana.

Waɗanda ake ba, da abin da aka saba bayarwa

Na farko shi ne jagora, wato ƙwararren mafarauci mai lasisi, wanda ake kira PH a taƙaice da Turanci. Shi ke zaɓen dabbar da ta isa harbi, shi ke tsaye da babbar bindiga idan ɓauna ko giwa ta taso, kuma shi hukuma za ta tuhuma in an saɓa doka. A farautar dabbobin fili, kamar dangin barewa da ake kira kudu da impala, jakin dawa da mugun dawa, kamfanoni sukan ba da shawarar dala 50 zuwa 100 a kwana. A farautar dabbobi masu haɗari, wato ɓauna, giwa, zaki da damisa, akan ambaci dala 100 zuwa 200 a kwana. Waɗannan alƙaluma shawara ce kawai, suna kuma bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai mai bin sawu, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi. Shi ne yake duban ƙasa da asuba ya faɗi ko sawun na daren jiya ne ko na ɗazu, ya ware sawun tsohon namiji daga cikin garke, ya riƙe shi a kan tsakuwa da busasshiyar ciyawa har rana ta take. In dabba ta ji rauni ta shige duhuwa, shi ne a gaba, yawanci hannunsa babu komai sai sanduna uku da ake ɗora bindiga a kai. A yankin Nyae Nyae na arewa maso gabashin Namibiya, 'yan ƙabilar San ne suka shahara da wannan aiki, kuma ilimi ne da ake koya tun ƙuruciya. Abin da aka saba ba mai bin sawu yana kamawa daga dala 10 zuwa 20 a kwana a farautar dabbobin fili, ya haura haka a farautar masu haɗari. Idan aka kwatanta da rabon jagora, wannan kaɗan ne ƙwarai, domin farautar ɓauna ko giwa ba ta yiwuwa in babu shi. Baƙon da ya ga aikin da idonsa ya ƙara a kan abin da aka rubuta masa bai yi ɓarna ba.

Mai fiɗa shi ma aikinsa ba a gani, tunda yawanci da dare yake yi. In ya bar tsoka a jikin fata ko ya yi jinkirin zuba gishiri, gashi zai zube, kuma ba za a gane ba sai bayan watanni. Akan ba shi kimanin dala 10 a kwana, wasu kuma su lissafa masa bisa yawan dabbobin da ya feɗe. Kuku, direba, mai wanki da masu gyaran ɗaki sukan sami dala 5 zuwa 15 a kwana kowannensu. A Tanzaniya, da kuma filayen gwamnati a Zimbabuwe, akwai ma'aikacin gandun daji da hukuma take haɗawa da ayarin don ya tabbatar an bi ƙa'ida. An saba sa shi a lissafi, amma a ƙarshen farauta kuma a bainar jama'a, don kada abin ya yi kama da toshiyar baki.

Misali, farautar kwana 7 a gonar namun daji a Namibiya da ta ci dala 6,000. Kashi 10 cikin 100 shi ne dala 600. Ana iya ba jagora 350, mai bin sawu 100, mai fiɗa 60, kuku 50, sauran 40 ga mai wanki da shara. Wannan lissafi ba zai yi aiki a Tanzaniya ba, inda ake kafa sansanin tantuna a cikin daji, ma'aikata su kai goma sha biyar ko fiye, farautar kuma tana iya kai kwana 21. A can rabon ma'aikata kaɗai yana iya kai dubban daloli.

Yadda ake miƙawa

Ana bayarwa a daren ƙarshe ko safiyar tafiya. Hanya biyu ce. Ko dai a damƙa wa manajan sansani jimillar ya raba, ko kuma baƙo ya nemi jerin sunayen ma'aikata da muƙamansu, ya sa wa kowa nasa a ambulan, ya miƙa hannu da hannu tare da godiya. Hanya ta biyu ta fi, saboda tana kawar da zargi, mutum kuma ya san an ga ƙoƙarinsa. A wasu sansanonin akwai littafi da kowa yake sa hannu a kan abin da ya karɓa. Wasu masu kamfani sukan nemi a ajiye kuɗin a wurinsu har ƙarshen kakar farauta, bisa hujjar cewa babu wurin ajiya a daji. Idan haka ne, ya kamata a faɗa wa kowane ma'aikaci adadin nasa a gabansa.

Girma da matsayi suna da muhimmanci a sansani. In aka ba yaron mota fiye da babban mai bin sawu, an bar rigima a baya. Don haka ake shawartar jagora kafin a raba, ko da yake shi kansa ba kasafai yake faɗin abin da ya dace a ba shi ba. Wannan tambayar mai kamfani ko dillalin da ya haɗa tafiyar ake yi wa, tun kafin a baro gida.

Nau'in kuɗi ma abin lura ne. Jagora yana iya karɓar dala ko yuro ba wahala, amma ma'aikacin da ƙauyensa ke nesa da banki zai yi asara wajen canji. A Afirka ta Kudu rand ya fi masa amfani, haka ma a Namibiya, inda rand yake tafiya daidai da dalar ƙasar. A Zimbabuwe dalar Amurka ce ake so. 'Yan canji a gabashi da kudancin Afirka sukan ƙi tsofaffin takardun dala da waɗanda suka yage, don haka sababbi ake tanada, da ƙanana masu yawa. Wuƙa, takalmi, tocila ko tabarau mai hangen nesa kyauta ce mai kyau, amma ƙari ce a kan kuɗi. Ba a biyan kuɗin makarantar yara da wuƙa.

Kamaru

A arewacin Kamaru akwai yankunan farauta da gwamnati take bayarwa haya a kewayen gandun dajin Benuwe, Faro da Bouba Ndjida, kuma ta Garwa ake shiga. Ana farauta da rani, abin da aka fi nema kuwa shi ne ƙaton eland, wata babbar dabba dangin gwanki, tare da gwanki, kanki da ɓauna. Ana bin eland a ƙafa cikin zafi, wani lokaci kwana da kwanaki, saboda haka masu bin sawu da masu ɗaukar ruwa ne ƙashin bayan aikin. A kurmin kudu maso gabas, 'yan ƙabilar Baka ne suke bin sawun bongo, wata dabbar kurmi dangin gwanki, da karnukansu. Sefa ce ta fi dacewa da ma'aikata a nan, kuma da yake darajarta a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro 1, baƙi sukan zo da yuro su canza.

Saɓanin da ke kan al'adar

Mafarautan Amurka, waɗanda su ne mafi yawan baƙi a kudancin Afirka, sun saba da tukuici mai tsoka daga gida, Turawan Jamus da Faransa kuwa sukan ba da ƙasa da haka. Wannan ya sa ake ƙorafin cewa ana fifita wani baƙo a kan wani. Akwai kuma muhawara kan jagoran da shi ne mai kamfanin: wasu suna ganin ribarsa ta ishe shi, wasu suna cewa aikin da ya yi a daji daban ne da mallakar kamfani.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne cewa tukuici yana ba wasu kamfanoni damar biyan albashi kaɗan. Farauta sana'a ce mai lokacinta a shekara; a kudancin Afirka ta fi tafiya daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma abin da ma'aikaci ya tara a watannin nan da shi zai ci sauran shekara. Idan rabin abin da yake samu ya dogara ga halin baƙo, to shekararsa tana hannun sa'a. A Afirka ta Kudu, dokar mafi ƙarancin albashi da ta fara aiki a Janairun 2019 a kan rand 20 a awa ta fayyace cewa ba a lissafa tukuici a cikin albashi. Wasu kamfanoni yanzu suna aika wa baƙo takardar shawarar tukuici tare da farashi tun kafin ya biya kuɗin kafin alƙalami, domin ya sa shi cikin kasafinsa.