Tambayoyin da ake ta maimaita min kan InDesign da sikirif

Tambayoyin nan sun dawo min har na gaji da amsa su ɗaya-ɗaya. Ga su nan a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Word bai isa in tsara littafi da shi ba?

A Word ake rubutu. Tsarin shafi aikin InDesign ne, ko QuarkXPress, ko Affinity. Wanda ba zai iya biya ba ya ɗauki Scribus, kyauta ce.

Mene ne sikirif?

Ɗan fayil ne na umarni da ke sa manhaja ta yi aikin da kake maimaitawa da hannu. InDesign na jin harshen sikirif na JavaScript a kowace kwamfuta, da AppleScript a Mac, da VBScript a Windows. Scribus kuwa Python take ji.

Ina zan saka shi?

Window, sai Utilities, sai Scripts. Danna dama a kan User, ka buɗe foldar Scripts Panel, ka jefa fayil ɗin ciki. Shi ke nan.

Na kwafo sikirif daga intanet ya ƙi tashi. Na lalata wani abu ne?

Kwantar da hankalinka, ba ka lalata komai ba. Fayil mai ƙarewa da .jsx tsohon inji ne ke karanta shi, wato ExtendScript, wanda aka gina kan ƙa'idar JavaScript ta 1999. Bai san sabuwar kalmar umarni let ba, bai san sababbin salon rubutu ba, tsohuwar var ya sani. Sabon salon sai a fayil mai .idjs, kuma daga InDesign 2023 aka fara karɓarsa. Duba ƙarshen sunan fayil ɗinka tukuna.

Marubuci ya kawo min littafi cike da tazara biyu-biyu, ga k' da d' da b' a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Sikirif zai gyara duka a bugu ɗaya?

Zai iya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba ɗaya ba ne. Da farko yi kwafin fayil ɗin, ka yi gwaji a kan kwafin. Wanda ya saki sikirif a kan aikin mutane babu kwafi, shi ya jawo wa kansa.

Tazarar mai sauƙi ce. A cikin misalan da InDesign ta zo da su akwai FindChangeByList, yana karanta jerin gyare-gyare daga fayil mai suna FindChangeList.txt, kuma tazara biyu da layukan banza suna cikin jerin tun asali. Sai dai idan marubucin da layukan banza ya raba baitocin waƙa ko sassan babi, sikirif zai haɗe su duka. Ka fara ba waɗannan wurare nasu Paragraph Style mai tazara a sama, sannan ka share.

Haruffan ne ke buƙatar natsuwa. Za ka iya ƙara layi a jerin nan, k' ta koma ƙ, lambarta ta Unicode 0199, ɗ kuma 0257, ɓ 0253. GREP, wato salon binciken da za ka sa a layin, na bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Ƙ da Ɗ da Ɓ kowanne sai da nasa layin. Matsalar ita ce alamar ' ɗin nan ba aiki ɗaya take yi ba. Idan aka rufe zance da ita bayan kalma mai ƙarewa da k, ko aka rubuta ɗab'i, sikirif zai ɗauka ƙugiya ce ya ɓata kalmar. Shi ya sa nake fifita a buɗe Find/Change, a bi babi ɗaya da Find Next, a ga halin rubutun, kafin a taɓa Change All. Ka kuma duba ko binciken ya haɗa da bayanan ƙasan shafi, don ana yawan barin su a baya.

Idan kuwa marubucin bai sa alama ko ɗaya ba, to babu sikirif da zai raba maka baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Wannan aikin mai karatu ne, a zauna a karanta.

Bayan an gama, in ka ga akwatuna masu ruwan hoda a gurbin haruffan, nau'in rubutun da ka zaɓa ne ba shi da su. Charis SIL da Gentium da Noto Serif suna da su.

Na danna Ctrl+Z, abu ɗaya kawai ya koma.

Ka naɗe aikin cikin app.doScript tare da UndoModes.ENTIRE_SCRIPT, duka zai koma da danni ɗaya. Kuma wannan ba ya maye gurbin kwafi.

Jar alamar tarawa a ƙasan akwatin rubutu fa?

Rubutu ya fi akwatin. Faɗaɗa shi, ko ka zuba ragowar a wani akwati. Kada ka matse haruffa don su shiga, ana ganewa.

Maɗaba'a ta ce hotuna da haruffa ba su zo ba.

Ai fayil ɗin InDesign kaɗai ka aika, hotunan kuwa suna kwamfutarka. Yi File, sai Package, ko ka fitar da PDF/X-4 da rarar gefe milimita 3, hotuna a 300 ppi. Kuma ka tambayi mai bugawa irin PDF da yake so tun kafin ka fara shafin farko.