'Yan sa-kan Peace Corps da aikin agajin gaggawa a cikin Amurka: tambayoyi da amsoshi

Mece ce Peace Corps, kuma a ina aka tsara ta yi aiki?

Hukuma ce ta gwamnatin Amurka wadda Shugaba John F. Kennedy ya kafa a ranar 1 ga Maris, 1961, majalisar dokoki kuma ta yi mata doka a watan Satumba na wannan shekarar. Aikinta shi ne tura Amurkawa 'yan sa-kai zuwa ƙasashen da suka nemi taimako, su zauna cikin jama'a kimanin shekara biyu suna koyarwa ko aikin lafiya ko na noma. Ghana ce ta fara karɓar su. Domin ƙetare aka kafa ta, hidimar cikin gida kuwa fagen AmeriCorps ne, wadda aka kafa a 1993.

To, ta yaya aka taɓa tura su aiki a cikin ƙasarsu?

Ta hannun FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya. Dokar Stafford ta 1988 ta ba da damar a ɗora wa kowace hukumar tarayya aikin agaji idan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i, kuma da wannan ƙofa aka shiga sau biyu. Na farko a 2005 ne, bayan guguwar Katrina, lokacin da 'yan sa-kai 272 na Crisis Corps, sashen Peace Corps mai aikin gaggawa na ɗan gajeren lokaci, suka yi aiki a yankin gaɓar tekun kudu. Na biyu a 2021 ne: bayan annobar korona ta sa an kwaso kusan 'yan sa-kai 7,000 daga ƙasashe fiye da 60 a watan Maris na 2020, sai aka tura mutum sama da 150 cibiyoyin allurar rigakafi.

Me suke da shi wanda sauran ma'aikatan agaji ba su da shi?

Sun iya harsuna, sun kuma saba aiki a inda babu wadatar kayan aiki. Abu mafi muhimmanci, a ganina, shi ne sun koyi haƙurin shawo kan mutanen da ba su yarda da hukuma ba, wanda shi ne rabin aikin rigakafi.

Idan an riga an yi sau biyu, me ya sa aka nemi sabuwar doka?

Saboda izinin na aro ne, bai fito daga dokar hukumar kanta ba. A watan Satumba na 2022 majalisar wakilai ta amince da ƙudurin sabunta dokar Peace Corps, wanda ya ƙunshi izinin ɗaukar 'yan sa-kai su yi aiki a cikin Amurka idan wata hukuma ta nema, amma bai tsallake majalisar dattawa ba kafin wa'adin majalisar ya ƙare.

Akwai abin tsoro a ba da wannan izini?

Akwai. Hukumar ƙarama ce, kuma idan aikin cikin gida ya zama al'ada, ma'aikatan da ke tantance masu zuwa ƙetare su ne za su koma hidimar masu zama gida, alhali tun 2012 aka kafa rundunar FEMA Corps a ƙarƙashin AmeriCorps domin irin wannan aiki.